Tabon huhu da garkuwar jiki: me ya sa maganin da ya taimaki Gwaggo zai iya cutar da Baba?

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga Kumo, Jihar Gombe, ya aiko cewa mahaifinsa mai shekara 67 ya daɗe yana fama da busasshen tari da haki. An yi gwajin tarin fuka ba a samu komai ba, daga baya hoton CT ya nuna tabo a huhu, likita ya ce cutar IPF ce, wato tabon huhu da ba a gano sanadinsa ba. Akwai kuma gwaggonsa mai ciwon taurin fata, ita ma an ce huhunta ya yi tabo, ana ba ta mycophenolate don danne garkuwar jiki, ta kuma ji sauƙi. Ya ce: "In dai garkuwar jiki tana da hannu a wannan ciwo, me ya sa likita ya hana Baba prednisolone da irin maganin Gwaggo? Ko mu sayo a kemis mu gwada?"

Amsa:

Malam, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Zan fara da ƙarshen tambayarka domin shi ne na gaggawa: kada ku sayo, kada kuma a ɗebi na Gwaggo a ba shi. Prednisolone sitiroyid ne, maganin rage kumburi mai danne garkuwar jiki. Likitan da ya hana yana da hujja, kuma sai da aka rasa rayuka kafin likitoci su gane wannan hujjar. Garkuwar jiki tana da hannu a ciwon su biyun, amma a wajen Gwaggo ita ce ke jan ragama, a wajen Baba kuwa tabon ya kai matsayin da yake ciyar da kansa, har shi ne ke juya wani ɓangare na garkuwar jikin ya sa ta yi masa aiki.

A ƙarshen rassan hanyar iska akwai 'yan jakunkuna ƙanana, sun kai miliyan 300 zuwa 500 a huhun baligi. Bangon da ya raba iskar da ke cikin jakar da jinin da ke zagaye da ita bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba a inda ya fi siranta. Ta nan oksijin ke ratsawa. Ƙwayoyin halitta iri biyu ne suka shimfiɗe a wannan bango. Iri na farko faffaɗa ne, siriri, ya rufe kusan kashi 95 cikin 100 na filin. Iri na biyu dunƙulalle ne, shi ke fitar da ruwan santsin da ke hana jakar mannewa idan an fitar da numfashi, kuma shi ne iri: idan na farkon ya mutu, na biyun ne ke rabuwa ya maye gurbinsa. A cikin kaurin bangon akwai wasu ƙwayoyin da ake kira faibroblas, masu saƙa zaren kolajin da ke riƙe huhu. A lafiyayyen huhu ba su da yawa, kuma shiru suke. A cikin jakar kanta kuma akwai makrofej, ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye ƙura da ƙwayoyin cuta.

Idan huhu ya ji rauni, kamar a ciwon nimoniya, gyaran yana bin tsari. Cikin 'yan sa'o'i fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil suke isowa su yaƙi ƙwayar cutar. Cikin kwanaki kaɗan wani sinadarin kira mai suna CCL2 yana janyo wasu fararen ƙwayoyin, monosayit, daga jini, su shiga huhu su rikiɗe su zama sababbin makrofej. Waɗannan su ne ke sakin saƙonni biyu masu muhimmanci, PDGF da TGF-beta. Na farkon yana sa faibroblas su yawaita su taho bakin raunin. Na biyun yana canza musu hali gaba ɗaya: su zama mayofaibroblas, masu zuba kolajin da yawa, masu kuma iya tsukewa kamar tsoka su janyo bakin rauni. Idan ƙwayoyin bango iri na biyu suka rufe wurin, sai tsarin ya juya. Makrofej ɗin da suka cinye matattun nutrofil suna sauya saƙonsu, su saki sinadaran MMP masu yanka kolajin, su haɗiye gutsattsarin. Lafiyayyen bango yana fitar da PGE2 mai taka wa faibroblas birki. Mayofaibroblas kuma su mutu da kansu bisa tsari, a kwashe su. Wannan ne ya sa mutum zai yi nimoniya mai tsanani, bayan 'yan watanni a duba hotonsa a ga ya wanke tas.

Ka ɗauki faibroblas a matsayin maginin da aka kira ya yi faci a katanga bayan damina, makrofej kuma shi ne mai kula da aikin, shi ya kira shi, shi kuma zai sallame shi ya kwashe ragowar ƙasa. A ciwon tabon huhu maginin bai tafi ba, mai sallamar ma ya koma ɗebo masa ƙasa, yaɓe kan yaɓe har tagogi suka toshe.

To me ya hana sallamar? A IPF matsalar daga bango take farawa, ba daga garkuwar jiki ba. Ƙwayoyin iri na biyu sun tsufa. A wasu mutane murfin da ke ƙarshen zaren gado, wato telomiya, ya gajarce har ƙwayar ba ta iya rabuwa yadda ya kamata. Shekaru, hayaƙin taba, ƙura da gado duk suna taruwa a nan, shi ya sa cutar ta fi kama maza da suka haura 60, musamman waɗanda suka taɓa shan taba. Ƙwayar da ta kasa kammala gyara tana maƙalewa a tsakiya, ba ta zama iri na farko ba, ba ta kuma koma yadda take ba, sai ta ci gaba da aika saƙon cewa akwai rauni. TGF-beta dama a ajiye yake cikin saƙar huhu, a kulle cikin wani kwanso da ke hana shi aiki. Waɗannan gajiyayyun ƙwayoyin suna fito da wani ƙugiya a fatarsu, intagirin, su kama kwanson su ja, ya buɗe. Ka lura da wannan: ba a bukatar ko ƙwayar garkuwar jiki ɗaya kafin wannan matakin ya faru.

Abu na biyu shi ne tauri. Lafiyayyen huhu laushi gare shi, taurinsa wajen kilofaskal 2. Wuraren tabo a IPF an auna su sun kai wajen kilofaskal 16, wasu sun wuce haka. Wani sinadari mai suna LOX yana ƙulla zaren kolajin da juna su ƙara ƙarfi. Faibroblas kuwa tana jin taurin abin da take zaune a kai. Idan ta ji tauri, wasu sunadarai biyu, YAP da TAZ, suna shiga cibiyarta su kunna umarnin ƙara kolajin. Haka kuma idan ta ja saƙa mai tauri, jan ya fi buɗe kwanson TGF-beta fiye da idan saƙar mai laushi ce. An gwada wannan a ɗakin bincike: aka ɗauki huhun mai IPF aka wanke duk ƙwayoyin da ke ciki, saƙar kaɗai ta rage, aka zuba lafiyayyun faibroblas a kai, sai suka ɗauki halin masu yin tabo. Tabo yana haifar da tabo, ko da an cire duk wani kumburi.

Yanzu ga inda garkuwar jiki ta shigo, kuma a ganina nan ne aka fi samun rashin fahimta, har a tsakanin ma'aikatan lafiya. Makrofej ɗin huhu ba asalinsu ɗaya ba. Akwai 'yan gida, waɗanda suka zauna a huhu tun mutum yana ciki da farkon haihuwa, suna sabunta kansu a can. Akwai kuma baƙi, waɗanda suka fito daga ɓargo a matsayin monosayit bayan rauni. A gwajin da aka yi da ɓeraye, da aka kawar da baƙin tabon ya ragu, da aka kawar da 'yan gidan kuwa bai ragu ba. A huhun mutane masu IPF, binciken da ke karanta ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya ya nuna tarin wasu makrofej masu fitar da sinadarin ostiyofontin da yawa, suna zaune daf da faibroblas a wuraren tabo. Zaman nasu na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Faibroblas tana fitar da CCL2 ta kira sababbin monosayit, tana fitar da CSF1 da ke raya makrofej ya hana su mutuwa, tana ƙara IL-6, wani sinadarin kumburi. Makrofej kuma yana mayar mata da PDGF, da TGF-beta, da ostiyofontin. Har manne wa juna suke yi, ta yadda saƙon ba ya tafiya nesa kafin ya isa. An kuma lura cewa masu IPF da adadin monosayit ɗinsu ya yi yawa a gwajin jini na yau da kullum sun fi saurin taɓarɓarewa. Ba a yanke hukunci da wannan adadin shi kaɗai, amma likitan huhu yana kallonsa.

Akwai kuma gudun kamu. Aikin garkuwar jiki ne ta kwashe mayofaibroblas da suka gama aiki. A huhun mai IPF waɗannan ƙwayoyin suna taurin kai ga saƙon mutuwa, wasunsu kuma suna ɗora alamomi a fatarsu: CD47, wanda ke hana makrofej haɗiye su, da PD-L1, wanda ke sanyaya ƙwayoyin T, wasu mayaƙan garkuwar jiki. Wasu sun tsufa sun daina rabuwa amma ba su mutu ba, suna ta yayyafa IL-6 da IL-8 da ke tada maƙwabtansu. Ka ga ke nan wani ɓangare na matsalar shi ne garkuwar jiki ta gaza yin aikin share fage. Idan aka danne ta gaba ɗaya, wannan aikin ma an ƙara raunana shi.

Ƙwayoyin T da B na garkuwar jiki ma suna wurin, sai dai hannunsu a IPF bai fito fili kamar na makrofej ba. Wasu ƙwayoyin T suna sakin IL-4 da IL-13 da IL-17 masu ƙarfafa tabo, wasu suna sakin intaferon-gama da ke rage yin kolajin a ɗakin bincike. An ɗauki wannan da fata mai yawa, aka gwada allurar intaferon-gama a kan masu IPF sama da 800, sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna ba ta tsawaita rai ba.

Gwajin da ya shafi tambayarka kai tsaye shi ne PANTHER, wanda aka yi a Amurka. Shekaru da dama likitoci a duniya suna ba masu IPF haɗin prednisone (ɗan'uwan prednisolone) da azathioprine (mai danne garkuwar jiki kamar maganin Gwaggo) da N-acetylcysteine, a bisa tunanin cewa kumburi ne ke haifar da tabon. Da aka zo aka kwatanta haɗin da maganin bogi, wato ƙwayar da babu magani a cikinta, dole aka dakatar da wannan ɓangaren na gwajin a 2011, aka buga sakamakon a 2012. Cikin mutum 77 da suka sha haɗin, 8 suka rasu, 23 aka kwantar a asibiti. Cikin 78 da suka sha na bogi, mutum 1 ya rasu, 7 aka kwantar. Huhun waɗanda suka sha haɗin kuma bai fi na sauran aiki ba. Daga baya aka ga cutarwar ta fi yawa a masu gajeren telomiya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne idan ka bi abin da ya gabata: prednisolone yana rage ƙwayoyin T da sinadaran kumburi, amma ba ya tausasa saƙar da ta yi tauri, ba ya farfaɗo da bangon da ya tsufa, ba ya raba makrofej da faibroblas. Abin da yake yi tabbas shi ne buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta, kuma kowace sabuwar cuta sabon rauni ce a kan bangon da dama ya kasa warkewa. A wajenmu haɗarin ya ninka, saboda mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar tarin fuka a kwance, wasu da ciwon hanta nau'in B ba su sani ba, kuma dukkansu suna iya tashi idan aka danne garkuwar jiki. Ga hawan suga da hawan jini da raunin ƙashi a kan dattijo.

In har an riga an fara ba Baba prednisolone ko dexamethasone na kemis, kuma ya wuce mako uku yana sha, kada a yanke masa rana ɗaya. Jiki yana rage yin nasa sinadarin idan ya saba da na waje, yankewa farat ɗaya na iya jefa mutum cikin suma da faɗuwar jini. A kai kwalin wurin likita ya tsara yadda za a rage a hankali.

Gwaggo kuwa lamarinta daban. A ciwon taurin fata, wato sikiloderma, garkuwar jiki ce da kanta ta juya wa jiki baya. Ƙananan jijiyoyin jini ne ke fara lalacewa, ƙwayoyin T da B su taru, IL-6 ya yi yawa, su ne ke ta ingiza faibroblas na fata da na huhu. Idan aka rage wannan ingizawar, faibroblas suna lafawa, musamman idan an yi da wuri kafin tabon ya kafu. Shi ya sa mycophenolate ke aiki a wajenta, ana ɗaga shi a hankali har zuwa miligiram 1,500 sau biyu a rana idan jiki ya ɗauka. A 2021 Amurka ta amince da tocilizumab, mai toshe hanyar IL-6, don irin wannan huhu. Ita ma Gwaggo akwai abin kiyayewa: prednisolone da ya kai miligiram 15 a rana ko fiye yana iya janyo wa mai sikiloderma mummunan ciwon ƙoda da hawan jini na farat ɗaya, don haka ba a ba su shi sakaka. Mycophenolate kuma yana illata ɗan tayi, mace mai shekarun haihuwa ba ta shan sa sai da tsarin hana ɗaukar ciki.

Abin da ya fi dacewa ku sa ƙarfinku a kai shi ne tabbatar da cewa IPF ɗin ne da gaske. Ba a kiran tabo IPF sai an nemi sanadi an rasa, kuma a Gombe da Bauchi sanadan da ya kamata a nema suna da yawa. Likita ba zai san su ba sai kun faɗa masa.

Na farko tsuntsaye. Idan akwai ɗakin tattabaru a gidan, ko kaji suna kwana kusa da inda Baba yake kwana, ko ya daɗe yana shiga rumbu yana juya masara ko dawa da ta yi fumfuna, ko yana harkar harawa da ƙaiƙayi, to a faɗa. Ƙurar gashin tsuntsu da kashinsa da ƙurar fumfuna suna jawo wani ciwo inda ƙwayoyin T ke ɗaukar ƙurar a matsayin maƙiyi, su taru da makrofej su yi 'yan dunƙule-dunƙule a kewayen ƙananan hanyoyin iska, shekara da shekaru har ya zama tabo. Hotonsa na iya kama da IPF ƙwarai. A nan babban magani shi ne raba mutum da ƙurar. Mayar da tattabarun bayan gida bai wadatar ba, a fitar da su daga gidan gaba ɗaya, wani daban ya share wurin bayan an yayyafa ruwa, a wanke ko a canza katifa da labule, domin ƙurar tana daɗewa watanni a ɗaki. A wannan ciwon likita yana iya ba da prednisolone na ɗan lokaci, kuma ya yi amfani.

Na biyu ƙurar dutse. Wanda ya yi aikin fasa dutse, haƙar ma'adinai, haƙar rijiya a cikin dutse ko niƙa duwatsu, ko da shekara 20 da suka wuce ne, yana iya samun silikosis. Yadda take faruwa ya nuna makrofej a mafi munin matsayinsa: yana haɗiye ƙwayar silika, ba ya iya narkar da ita, ta fasa jakar narkarwar da ke cikinsa, ya saki IL-1 mai tada kumburi, ya mutu, silikar ta fito, wani makrofej ya sake haɗiye ta. Haka za a yi ta yi ko bayan mutum ya bar aikin, faibroblas suna naɗe wurin da kolajin zobe-zobe. Mai silikosis ya fi sauran mutane haɗarin tarin fuka ninki biyu zuwa uku ko fiye. Ƙurar da ke isa can ƙasan huhu ba ta kai kashi 5 cikin dubu na milimita ba, ido ba ya ganinta, kuma rawani ko ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ta. Jiƙa dutse da ruwa lokacin aiki da takunkumin N95 da ya zauna daram a fuska su ne kariya ga matasan da ke wannan sana'a yanzu.

Sai magunguna: nitrofurantoin da ake sha na dogon lokaci don ciwon mafitsara, amiodarone na bugun zuciya, methotrexate, da bleomycin na ciwon daji. Sai ciwon gaɓoɓi na rumatoyid, wanda wani lokaci huhu yake fara taɓawa kafin gaɓoɓi su kumbura. A duba ko yatsun Baba suna ƙagewa da safe, ko suna canza launi a lokacin sanyi, ko bakinsa da idonsa suna bushewa. Gwajin jini na ANA da RF da anti-CCP yana cikin abin da ake yi wa duk mai irin wannan tabo. Tabon da tarin fuka ya bari shi ma daban ne: ya fi zama a saman huhu, sau da yawa da rami ko buɗaɗɗun hanyoyin iska, alhali na IPF a ƙasa yake da gefe-gefe, da 'yan ramuka jere kamar saƙar zuma. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗora mai tabo a kan maganin tarin fuka na wata shida, a sake maimaitawa, bisa hoton ƙirji kawai ba tare da gwajin majina na GeneXpert ya nuna komai ba. Lokaci yana tafiya, hanta tana wahala, tabon yana ci gaba. Idan ba likitan huhu ne ya ga Baba ba tukuna, ku nemi a tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ku tafi da faifan CT ɗin kansa, ba takardar rahoto kaɗai ba.

Idan an tabbatar IPF ne, magungunan da ke da hujja su ne masu nufar faibroblas. Nintedanib yana toshe kunnen da faibroblas ke jin saƙon PDGF da FGF da VEGF da shi, wato yana katse wani ɓangare na abin da makrofej ke aiko mata. Pirfenidone yana rage tasirin TGF-beta da yin kolajin. Amurka ta amince da duka biyun a Oktoban 2014. A faɗi gaskiya tun farko don kada a yi tsammanin abin da ba zai zo ba: ba sa narkar da tabon da ya riga ya kafu, kuma mai shan su ba lallai ya ji numfashinsa ya ƙaru ba. Rage gudun lalacewa suke yi da kusan rabi. A gwajin nintedanib, iskar da huhu ke iya fitarwa ta ragu da kusan mililita 114 a shekara ga masu shan sa, da kusan 224 ga masu shan na bogi. Mutane da yawa suna barin maganin bayan wata biyu suna cewa ba ya aiki, alhali aikinsa ke nan. A 2019 an nuna nintedanib yana taimakawa a huhun masu sikiloderma da sauran tabon da ke ci gaba, don haka wata rana ana iya ƙara wa Gwaggo shi a kan nata.

Nintedanib miligiram 150 ne sau biyu a rana, tazarar sa'a 12, tare da abinci. Kusan mutum 6 cikin 10 suna samun gudawa. A tanadi loperamide da ruwan gishiri da suga tun ranar farko, in ta ƙi tsayawa likita ya sauke zuwa 100 sau biyu. A lokacin zafin Maris da Afrilu dattijo mai gudawa yana bushewa da wuri, kada a yi wasa da wannan. Ana gwada hanta kafin a fara, sannan kowane wata na wata uku, daga nan duk bayan wata uku. Yana ƙara haɗarin zubar jini ga mai shan maganin tsinka jini. Rifampicin na tarin fuka yana rage ƙarfinsa a jini sosai, wannan ma wani dalili ne na kada a haɗa shi da maganin tarin fuka bisa zato.

Pirfenidone ana hawa da shi mataki-mataki: ƙwaya ɗaya ta miligiram 267 sau uku a rana a makon farko, biyu-biyu a mako na biyu, uku-uku daga rana ta 15, jimla 2,403 a rana. Akwai masu zuwa a miligiram 200, nasu tsarin hawan daban ne, a bi abin da likita ya rubuta. A tsakiyar cin abinci ake shan sa, in ba haka ba tashin zuciya da jiri za su sa a bar shi. Yana sa fata ta ƙone a rana, kuma baƙar fata ba ta tsira daga wannan ba: doguwar riga, malafa, da guje wa ranar tsaka. Ciprofloxacin mai yawa yana ɗaga shi a jini, taba kuma tana rage shi. Gwajin hanta kowane wata na wata shida, sannan duk wata uku. Shan sa sau uku da abinci ba ya haɗuwa da azumi, don haka a yi wannan magana da likita da kuma malami tun kafin Ramadan, kada a matse ƙwayoyin tsakanin buɗa-baki da sahur. Magungunan biyu suna da tsada. Akwai na kamfanonin Indiya masu sauƙin kuɗi, amma a saya ta hannun amintaccen famasi, kuma a lissafa ko za a iya ɗorewa kafin a fara.

Wuri ɗaya ne har yanzu ake ba mai IPF sitiroyid mai yawa: idan ciwon ya tashi farat ɗaya, haki ya ƙaru sosai cikin kwanaki ko 'yan makonni, sabon hoto ya nuna hazo ya rufe huhu biyu. Wannan a gadon asibiti ake yi, bayan an nemi nimoniya, gudan jini a huhu da gazawar zuciya. Duk ranar da Baba ya kasa yin abin da ya yi a makon jiya, ko zazzaɓi ya zo, ranar za a tafi asibiti, ba a jira ranar ganin likita ba.

A gida ku samu ɗan na'urar auna oksijin ta yatsa. A auna yana zaune, a sake aunawa yana tafiya ta minti shida a fili, domin a wannan ciwo adadin kan yi kyau a zaune ya faɗi da tafiya. Idan yana sauka 88 ko ƙasa, maganar oksijin ta taso. Na'urar tana iya nuna adadi sama da na gaskiya a kan baƙar fata, kuma lalle mai duhu ko sanyin yatsa suna rikita ta, saboda haka idan ta nuna 91 ko 92 amma yana haki sosai, a gaskata hakin. Mai amfani da injin tace oksijin yana bukatar tukunyar ajiya saboda ɗaukewar wuta, kuma a nisanta su duka daga murhu da garwashi. A raba shi da hayaƙin itace da na turaren wuta a rufaffen ɗaki, ya sa takunkumi idan hazon hunturu ya yi kauri, a yi masa rigakafin nimoniya da na mura in an samu. Tafiya kullum daidai ƙarfinsa tana riƙe tsokar ƙafa, kuma mai ƙarfin ƙafa ya fi jure ƙarancin iska. Gwajin hura iska kuma a maimaita shi duk wata uku zuwa shida, in da hali a kan na'ura ɗaya, a ajiye takardun a jere da kwanan wata: raguwar FVC, wato yawan iskar da huhu ke iya fitarwa, da kashi 10 cikin 100 a tsakanin wata shida zuwa shekara alama ce da ke sa likita ya sake duba tsarin maganin gaba ɗaya.